Tsutsar hanta a 'ya'yan tumakin fadama: tambayoyi da amsoshi

Duk mai kiwon tumaki a bakin fadama, ko kusa da dam, ko gefen magudanar noman rani, ya san ciwon hanta ko da bai taɓa ganin tsutsar da idonsa ba. Fulani suna ce mata balku. Waɗannan su ne tambayoyin da masu kiwo suka fi yi idan 'ya'yan tumaki suka fara ramewa ko faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali ga ɗanyar ciyawa a gabansu.

Wace irin tsutsa ce, kuma ta ina take shiga jikin ɗan tunkiya?

Falan tsutsa ce mai siffar ganye, launinta tsakanin toka-toka da ruwan ƙasa. Wadda ke ƙasashenmu sunanta a littafin likitoci Fasciola gigantica, tsawonta kan kai santimita 7 da ɗoriya. Ta ƙasashen Turai, Fasciola hepatica, ba ta cika wuce santimita 3 ba. Babbar tana zaune a cikin hanyoyin da ruwan maɗaciya ke bi a hanta, tana shan jini, tana zuba ƙwai dubbai a kowace rana. Ƙwan yana fita tare da kashin dabba.

Idan kashin ya faɗi a busasshen wuri, zance ya ƙare. Idan kuwa ya faɗa ruwa, cikin mako biyu zuwa uku ƙwan zai ƙyanƙyashe, wata 'yar mitsitsiyar halitta ta fito tana iyo tana neman katantanwar ruwa. In ba ta same ta cikin 'yan sa'o'i ba, mutuwa za ta yi. In ta same ta, sai ta shige jikinta ta hayayyafa, guda ɗaya ta zama ɗaruruwa. Bayan wata ɗaya zuwa biyu su fito, su manne a jikin ciyawar da ke cikin ruwa, kowace ta lulluɓe kanta da ɓawo ta zauna jira. Ido ba ya ganinsu. Ɗan tunkiya ya zo ya ci ciyawar, ɓawon ya narke a hanjinsa, tsutsar ta huda hanjin ta ratsa cikin ciki, cikin mako guda ta isa hanta. Daga nan ta yi makonni tana kutsawa cikin tsokar hantar tana ci tana girma, kafin ta shiga hanyar maɗaciya ta fara nata ƙwan. Daga cin ciyawa zuwa fara ƙwai, irin tamu tana ɗaukar wata uku zuwa huɗu.

Ke nan tunkiya ba ta shafa wa 'yar'uwarta kai tsaye. Dole sai an bi ta ruwa da katantanwa.

Ɗan da bai bar nono ba fa, zai iya ɗauka daga uwarsa?

Ba ta bin nono. Amma ɗan tunkiya yana fara tsinkar ciyawa tun yana mako biyu zuwa uku, kuma kafin ya cika wata biyu ya zama mai kiwo sosai. In yana bin uwarsa bakin ruwa, daga lokacin haɗari ya fara. Wata ɓarnar kuma ta bayan fage ce: uwar da hanta ta cinye ba ta da nonon kirki, ɗanta zai tashi a tsumbure ko da shi bai kamu ba.

Malam, ni na ɗauka ciwon damina ne. Me ya sa ake cewa rani?

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, don sun ji an ce ciwon ruwa ne. Da damina ciyawa ta cika tudu, dabbobi ba su da dalilin sauka fadama, fadamar ma ta cika ta batse, ambaliya tana wanke katantanwa tana tafiya da su. Sai ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, tabkuna su kwanta, ruwa ya yi garau, katantanwa su yi ta hayayyafa. A daidai wannan lokaci ne kuma ciyawar tudu ke bushewa, kowa ya kora dabbobinsa inda ake ganin kore. Ruwan yana ja da baya, yana barin ciyawar da jiya take nutse, dabbobi suna binsa taku bayan taku suna cinye abin da ya manne a jikinta. Binciken da likitocin dabbobi suka yi a kewayen Zariya tun shekarun 1970 ya nuna haka: katantanwar tana yawaita ne bayan ɗaukewar ruwa.

Shi ya sa ɗan tunkiyar da ya kwashi tsutsa a Nuwamba ko Disamba yake faɗuwa a Janairu ko Fabrairu, wanda ya kwashi kaɗan-kaɗan kuma ya yi ta ramewa har bazara, a ce yunwar rani ce.

Inda ruwa ba ya yankewa, lissafin ya sauya. Gonakin noman rani na Kadawa da Kura da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, da na Bakolori a Talata Mafara, da fadamun Haɗeja zuwa Nguru, da bakin tabkin Cadi, da gaɓar kogin Kwara wajen Gaya inda ake yankan burugu, duk wurare ne da katantanwa ke samun mazauni kusan duk shekara. Mai kiwo a irin waɗannan wurare ya ɗauka cewa ba shi da watan hutu.

Yaya zan gane ko wurin kiwona yana da wannan katantanwar?

Je da safe bakin ruwan da ke kwance ko mai tafiya a hankali, mai ciyawa da bado. Ɗaga ganyen bado ka duba bayansa, ka duba jikin karan ciyawa da tarkacen da ke yawo a kan ruwa. Wadda ake nema ƙarama ce, daga santimita 1 zuwa 2 galibi, ɓawonta siriri ne har kana iya murƙushe shi da yatsa biyu, bakinta faffaɗa, wutsiyarta 'yar gajeruwa mai tsini. Riƙe ta tsinin yana sama, bakin yana kallonka: in bakin yana hannun damanka, ita ce. In yana hagu, wata ce daban, irin wadda ke ɗauke da tsargiya, ita ma ba abin wasa ba ce, don haka kada ka tsoma ƙafa da hannu a ruwan ba dalili.

Rashin ganinta rana ɗaya ba ya wanke wuri. Tambayi mahautan garinku yadda hantar dabbobin yankin take fitowa. Mahauci ya fi kowa sanin ƙauyen da hantarsa ke zuwa a lalace.

Waɗanne alamomi zan lura da su?

Ya danganta da yawan abin da ɗan tunkiyar ya haɗiya da kuma tsawon lokacin.

In ya kwashi dubbai cikin 'yan kwanaki, ƙananan tsutsotsin za su afka wa hantar gaba ɗaya su farfasa ta, jini ya zuba cikin ciki. Irin wannan sau da yawa ba ya ba da sanarwa. Jiya lafiya lau, yau an wayi gari ya mutu. In an yi sa'ar ganinsa da rai, za a tarar ya ware gefe, ba ya son motsi, yana haki, in ka taɓa cikinsa ta gefen dama sai ya gantsare. Buɗe fatar idonsa ta ƙasa: maimakon ja, za ka ga ta yi fari fat. Irin wannan ɗan tunkiya kada a kore shi da gudu, kada a ɗaga shi ta ciki, domin hantar tana iya fashewa a hannunka.

In kuwa kaɗan-kaɗan yake ɗauka, ciwon a hankali yake cinsa. Yana ci amma ba ya gaba, gashinsa ya tashi ya dushe, ƙashin bayansa ya fito, kullum shi ne na ƙarshe in garke ya dawo. Daga baya ruwa ya taru a ƙarƙashin haɓarsa, kumburi mai laushi wanda in ka danna da yatsa zai lotsa, ya fi fitowa da yamma bayan ya wuni kai a sunkuye. Wani har ciki ya cika da ruwa. Zawo ba dole ba ne, kada ka jira shi.

Wanda aka yanka, a duba hantarsa a hasken rana. Ta mai sabon kamu ta kumbura, ta yi taushi, duk jikinta layi-layi ne na jini, ga ruwa ja a cikin ciki. Ta mai tsohon kamu ta ƙanƙance ta yi tauri, hanyoyin maɗaciya sun yi kauri sun yi fari. Tsaga ɗaya da wuƙa ka matsa, za ka ga tsutsotsin suna zamowa a naɗe, in ka sa su a ruwa su miƙe.

Gargaɗi ɗaya: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, kada a farke ta. Yana iya zama ciwon saifa, wanda ke kashe mutum. A kira malamin dabbobi.

Haɓar ɗan ragona ta kumbura a watan Agusta, idonsa ya yi fari. Hanta ce?

Mai yiwuwa ba ita ba ce. A tsakiyar damina, abin da ya fi jawo wa ƙananan tumaki wannan alama shi ne wata siririyar tsutsa mai shan jini da ke zama a cikin tumbin ƙarshe, sunanta Haemonchus. Ita ba ruwanta da katantanwa, danshin ciyawar tudu ya ishe ta, kuma a damina ta fi tsutsar hanta kashe 'ya'yan tumaki nesa ba kusa ba. Sammore ma yana kawo farin ido da rama a wuraren da ke da ƙudan tsando. Don haka dubi wata, dubi inda suka yi kiwo wata biyu zuwa uku da suka wuce. Kumburin haɓa a Agusta a kan tudu, fara zargin tsutsar ciki. Kumburin haɓa a Maris bayan kiwon fadama, fara zargin hanta.

Na kai kashinsu gwaji aka ce ba a ga komai ba, amma sun ci gaba da mutuwa. Gwajin ƙarya ne?

Gwajin bai yi ƙarya ba, abin da aka tambaye shi ya amsa. Ƙwai ake nema a cikin kashi, tsutsar da ba ta balaga ba kuwa ba ta yin ƙwai. A wata ukun farko, lokacin da ta fi yin ɓarna a jikin ɗan tunkiya, kashinsa zai fito tas. Banda haka ƙwan tsutsar hanta yana da nauyi, ba ya tasowa a irin gwajin da aka saba yi wa tsutsar ciki, sai an yi na musamman wanda ake bari ya kwanta a ƙasan kwalba. In za ka kai kashi, ka faɗa musu ƙarara cewa hanta kake zargi, ka haɗa da na iyayen da na manyan garken, don su ne za a fi samun ƙwai a jikinsu.

A Ingila da Ailan, inda ciwon ya addabi masu tumaki, suna ɗibar jinin 'ya'yan da aka haifa a shekarar su gwada, domin jini yana nuna kamu tun mako biyu zuwa huɗu. Da zarar ya nuna, sun san lokacin magani ya yi. A nan, wuraren da za a nemi taimakon gwaji su ne asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa a Yamai. Amma ga mai kiwo a ƙauye, hantar wanda aka yanka ita ce gwajin da ya fi sauri, ba kuma a biyan ko sisi.

Na ba su ƙwayar tsutsa, na yi musu allura, ba sauƙi. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin kuɗin mutane. Abin da mai shagon magani ba ya cika faɗa shi ne, kowane magani yana da shekarun tsutsar da yake iya kashewa. Ga sunayen kamar yadda ake rubuta su a jikin kwalba, don ka duba da kanka.

Ivermectin shi kaɗai, wato allurar da kowa ya sani ta ƙaiƙayi da kaska da tsutsar ciki, ba ya taɓa tsutsar hanta ko kaɗan. Haka levamisole shi kaɗai. In ka ga an rubuta suna maganin hanta, to an haɗa su da wani abu ne, karanta ka ga ko mene ne.

Albendazole, wanda shi ne akasarin ƙwayoyin da ake tallarsu a kasuwar dabbobi, yana kashe manya ne kawai, waɗanda suka riga suka shiga hanyar maɗaciya, shi ma sai an ba da adadin da ya fi na tsutsar ciki. Oxyclozanide ma manya yake kashewa. To ɗan tunkiyar da ke mutuwa a Janairu ba manya ne ke kashe shi ba, ƙananan da ke yawo cikin tsokar hanta ne. Ka ɗura masa albendazole sau goma, suna nan suna aikinsu.

Closantel da rafoxanide da allurar nitroxynil suna kama na tsakiya, daga wajen mako shida zuwa takwas da shiga jiki, har manya. Tunda irin tamu ba ta saurin girma kamar ta Turai, gara ka ɗauki lissafin da ya fi tsawo. Closantel yana da wata riba: yana kashe Haemonchus ma, don haka in ka rasa gane wanne ne cikin biyun, yana rufe ƙofa biyu.

Triclabendazole shi ne kaɗai ke kashe ta tun tana 'yar mako ɗaya zuwa biyu har girmanta. In 'ya'yan tumaki suna faɗuwa farat ɗaya bayan kiwon fadama, shi ake nema, ba wani ba. Sai dai a riƙe shi da daraja. Ya shigo kasuwa a farkon shekarun 1980, a 1995 aka ba da rahoton tsutsar da ba ta jinsa a Ostareliya, daga baya a Ailan da Birtaniya da Holan, saboda an yi ta ɗura shi ba ƙaƙƙautawa. Kada a mai da shi na kowane wata. In manya ake son kashewa a ƙarshen rani, a yi amfani da wani.

Abu na ƙarshe, kuma mutane ba sa son jinsa: babu ɗaya cikin magungunan nan da ke tsare dabba daga sabon kamu. Wanda ke ciki yau yake kashewa. In ka ɗura da safe ka mayar da su bakin ruwan da yamma, gobe an fara sabon lissafi.

Sai kuma batun jabu. Kwalbar da ta wuni a rana a kan tabarmar ɗan talla, ba lambar hukumar NAFDAC, ba ranar lalacewa, kuɗinta rabin na shago, barinta ya fi. Araha ba ta ado.

Nawa zan ba ɗan tunkiya?

Gwargwadon nauyinsa, ba gwargwadon yadda ido ya kimanta ba. Sa shi a buhu ka rataya a sikelin masu awon hatsi, ko ka hau sikeli da shi ka sauke shi ka sake hawa ka cire. Triclabendazole ga tumaki miligiram 10 ne ga kowane kilo. In na ruwa ne mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, mililita 1 ke nan ga kowane kilo 5, ɗan tunkiya mai kilo 15 zai sha mililita 3. In mai kashi 10 ne, rabin haka. Shi ya sa dole a karanta kwalba, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Albendazole don hanta miligiram 7.5 ne ga kilo.

Ragewa yana barin tsutsa da rai, yana kuma koya mata jure magani. Ƙarawa kuma, musamman closantel da rafoxanide, yana makantar da dabba makanta ta har abada, nitroxynil in ya yi yawa yana kisa. Ƙananan tumaki su suka fi faɗawa wannan, don ana ba su awon manya. Kada a ba tunkiya albendazole a lokacin barbara da watan farko na ciki, yana lalata ɗan tayi. A girgiza kwalba kafin a zuƙa, a sa sirinji ta gefen baki a kan bayan harshe, a hankali, kada ya sarƙe.

Bayan magani a ciyar da su da kyau: harawa, dusa, ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya. Hanta tana gyaruwa, jini yana dawowa, amma da abinci, kuma yana ɗaukar makonni.

Sau nawa a shekara?

Ba lamba ɗaya da za ta dace da kowa, amma ga yadda ake tsara shi a wurin da fadama ke bushewa da rani. In 'ya'yan sun shiga fadama tun Nuwamba, a ba su triclabendazole wajen Disamba zuwa Janairu. In sun ci gaba da kiwo a wurin, a maimaita bayan mako takwas zuwa goma. Sannan a ƙarshen rani, Afrilu zuwa Mayu, a ba dukan garke maganin manya, domin kada su shiga damina suna zuba ƙwai. Wannan na ƙarshen shi ne wanda aka fi watsar da shi, don a lokacin aljihu ya bushe, alhali shi ke rage ciwon baɗi.

Wanda bai samu triclabendazole ba, ya janye su daga bakin ruwa, ya ba da closantel, ya sake bayan mako shida zuwa bakwai don kama waɗanda suka tsira saboda ƙuruciya. Wanda tumakinsa ke turke a gida suna cin busasshen abinci suna shan ruwan rijiya, ba ya bukatar ko ɗaya cikin wannan.

Ba ni da wurin kiwo da rani sai fadama. Yaya zan yi?

Gaskiya ce, ba wanda zai ce ka bar dabbobi su mutu da yunwa don gudun tsutsa. Amma fadama ba duka ce ke da haɗari iri ɗaya ba. Mafi muni shi ne bakin ruwa da wurin da ruwa ya janye kwanan nan, ƙasa tana da laka. Wurin da ya bushe ƙarau ya sha rana makonni ya fi sauƙi ƙwarai, domin abin da ke manne a ciyawa ba ya jure bushewa da zafin rana, ko da yake a cikin ruwa da inuwa mai danshi yana yin watanni da rai.

Ni a ganina, abin da ya fi kowane amfani shi ne raba garke. 'Ya'yan da aka yaye su zauna gida ko kan tudu, a ba su harawa da kowar wake da dusa. Cikinsu ƙarami ne, abin da za su ci bai kai kuɗin ɗaya da zai mutu ba. Manya su tafi fadama, a kiyaye lokacin maganinsu. Shayarwa kuma a yi ta a kwami da ruwan rijiya ko na burtsatse, domin wasu daga cikin tsutsotsin ba sa mannewa a ciyawa, a kan ruwa suke yawo. A lura da kwamin kansa: in yana yoyo har ciyawa ta tsiro a gindinsa, ka haƙa wa kanka 'yar fadama a ƙofar gida. In akwai wani kududdufi guda da ka san shi ne matattarar, shinge shi da ƙaya. Yaran da ke kiwo a gaya musu dalili, don su wurin ruwa suke so, can ake wanka da kamun kifi.

Ina yanko musu ciyawa daga fadama, ba sa zuwa da kansu. Sun tsira?

Ba su tsira ba, ka kawo musu har gida. Ciyawar da aka yanka a cikin ruwa, burugu ko wata, tana zuwa da abin da ke jikinta. Karan shinkafa ma haka, musamman gindinsa da ya zauna cikin ruwa. A yanka sama da inda ruwa ya tsaya, za ka ga shaidar laka a jikin karan. A baza a rana ya bushe sarai, ana juyawa, a ajiye shi a busasshen wuri fiye da wata guda kafin a ba ƙanana. Takin tumaki da na shanu kuma kada a zuba shi ɗanye a gonar da ruwa ke kwanciya. A tara shi ya ruɓe tukuna, zafin tarin yana kashe ƙwan.

Ba za a iya kashe katantanwar gaba ɗaya a huta ba?

An gwada a ƙasashe da yawa. Magungunan da ke kashe ta suna kashe kifi, wanda ake yi da sinadarin tagulla kuma guba ne ga tumaki su kansu. Ko an kashe, kaɗan da suka rage za su cika wurin cikin 'yan watanni. 'Ya'yan aduwa ma an daɗe da sanin suna kashe katantanwa in an jiƙa su a ruwa, amma su ma ba sa barin kifi, kuma ba wanda zai jiƙa aduwar da za ta ishi tabki. Abin da ke aiki shi ne share ciyawar magudana don ruwa ya riƙa gudu, da cike ramukan da ruwa ke kwanciya, da barin agwagi su yi kiwo a wurin, don suna cinta.

Akwai allurar rigakafi? Maganin gargajiya fa?

Babu allurar rigakafin tsutsar hanta a kasuwa. Akwai dai ta wasu ƙwayoyin cuta da ke samun ƙofa idan tsutsa ta raunata hanta, su kashe dabba cikin sa'o'i. Tambayi malamin dabbobi ko ana samunta a yankinku.

Saƙe-saƙi irin su ɓawon maɗaci da kanwa, masu kiwo sun daɗe suna ba dabbobi. Amma ranar da 'ya'yan tumaki suka fara faɗuwa ba ranar jiƙo ba ce.

In sun warke, sun gama da ita ke nan?

A'a. Saniya tana ɗan samun juriya da shekaru, tunkiya ba ta cika samu ba. Tana iya kamuwa kowace shekara, kuma tsutsar da ba a kashe ba tana yin shekaru a hantarta tana ƙwai.

Na sayo 'yan raguna daga kasuwa zan haɗa da nawa.

Kada su taka fadamarka tukuna. Ka tambayi inda suka fito, ko da yake dillali zai faɗi abin da kake son ji. Ware su a busasshen wuri, ka ba su maganin da ke kama ƙanana, ka riƙe su aƙalla mako huɗu, domin ko bayan tsutsar ta mutu, ƙwan da ya taru a maɗaciya yana ci gaba da fita har wajen mako uku. Wannan warewar za ta kuma nuna maka in sun zo da wata cutar, irin mai zawo da majina da ke share garke.

Shanu da awaki suna da hannu a ciki?

Ƙwarai. Tsutsa ɗaya ce. Shanun da ke sauka fadama da rani, naka da na baƙi, su ne manyan masu zuba ƙwai, kashinsu ma a cikin ruwan yake faɗawa. Awaki sun fi son ganyen sama, don haka ba su cika kwasa ba, amma in suka kwasa suna jigata. In unguwa ɗaya ke kiwo a fadama ɗaya, maganin mutum guda ba ya tsabtace ta. Gara a haɗa kai ta hannun mai unguwa ko arɗo, a yi na ƙarshen rani a mako ɗaya, har kwalbar ma ta fi sauƙi in an saya babba an raba.

Mutum yana kamuwa in ya ci hantar?

Ba ta cin hanta ake kamuwa ba. Mutum yana ɗauka ne ta hanyar da ɗan tunkiya ke ɗauka: ɗanyen ganyen da ya tsiro a ruwa ko aka yi ban-ruwansa da ruwan tabki, irin su latas, da shan ruwan da ba a tafasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta aƙalla mutum miliyan 2.4 ne ke ɗauke da ita a ƙasashe sama da 70, Masar da Bolibiya suna cikin inda ta fi yawa. A wanke ganye da ruwa mai tsabta, wanda ake iya dafawa a dafa.

Naman dabbar da aka yanka ana ci. Hantar da ta lalace kuwa ba abinci ba ce, a binne ta ko a ƙona. Kada a jefar da ita ko a wanke kayan ciki a bakin tabki, domin maɗaciyar cike take da ƙwai.

Na ba ragon magani, Sallah kuma ta matso. Zan iya yankawa ko sayarwa?

Duba kwalba, akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin a ci naman. Na albendazole gajere ne, amma na closantel da nitroxynil da triclabendazole yakan kai mako shida zuwa takwas, ya danganta da kamfani. Mai turkar ragunan layya ya yi lissafinsa daga baya: ya ba da maganin hanta tun ranar da ya ɗaure su, wata uku ko fiye kafin Sallah, ba ana saura mako biyu ba don ya ga ɗaya ya ƙi ƙiba. Wanda ramarsa ko ciwonsa ya fito fili kuwa, dama ba ya layya. A yi masa magani, a ciyar da shi, a bar shi sai kasuwar gaba.